Ƙanena yana tsare, kotu sai ɗage zama take yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Daura nake neman shawara. Tun kafin azumi aka kama ƙanena bisa zargin yana cikin waɗanda suka yi wa wani ƙwacen waya, aka kai shi kotun majistare, aka tura shi gidan gyaran hali. Duk ranar zama mai gabatar da ƙara zai miƙe ya ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, alƙali ya sa wata rana, shi ke nan. Ko tambayarsa ba a yi ba ya amsa laifi ko bai amsa ba. Inna kullum sai ta ɗaura masa ƙuli da garin kwaki a leda, ta dawo tana kuka. Ina za mu nufa?

Wani lauya, Katsina:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ku fara duba abin da 'yan sanda suka rubuta a takardar ƙarar. In fashi da makami ne, majistare ba shi da hurumin sauraro, ajiye shi kawai yake yi har Daraktan Gabatar da Ƙara na ma'aikatar shari'a ya duba fayil ya ce a gurfanar da shi a babbar kotu ko a sallame shi. Don haka zaryar da kuke yi a kotun ba za ta motsa komai ba, fayil ɗin za ku bi. Sau da yawa yana nan wurin 'yan sanda, ba a ma aika shi ma'aikata ba. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya kan yadda ake gudanar da shari'ar laifuka, ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, sai an kawo dalili a sabunta, kuma Katsina na da irin tata dokar.

Wani ɗan Sandamu:
Malam, ka nemi wanda ya san hanya, ka ba da na goro, a tura takardar.

Hajiya, Ƙofar Ƙaura:
A'a ɗana, kada ka soma. Kuɗinka za su ci, a ce ka dawo jibi. In babu halin ɗaukar lauya, je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa a Katsina, kyauta suke tsaya wa marasa ƙarfi. Kuma Alƙalin Alƙalan jiha yakan zagaya gidajen gyaran hali ya duba waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a, ku yi ƙoƙari sunansa ya shiga. Allah ya kuɓutar da shi in ba shi da hannu.

Mai tambaya:
Amin Hajiya, na gode. Barista, beli fa?

Lauyan:
A babbar kotu ake nema. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ya yi wata 2 a tsare ba a yi masa shari'a ba a sake shi ko da bisa sharaɗi, amma ya ware laifin da hukuncinsa kisa ne, fashi da makami kuwa yana ciki. Shi ya sa na ce takardar ce farko. Karɓo kwafinta wurin rajistara, da lambar ƙarar.