Ciwon dajin hanjin Baba ya kai hanta, me ya rage mana?

Mai tambaya, daga Jos: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara aka yi wa mahaifinmu aikin ciwon daji a babban hanji, shekarunsa 58. Yanzu hoton CT ya nuna ƙari biyu a hanta. Likita ya ce a fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kafin a yi maganar tiyata, su Kawu kuma sun dage a koma na gargajiya, wai tunda ya taɓa hanta magana ta ƙare. Ta yaya ma ya tsallaka can? Kuma akwai sauran amfanin a wahalar da shi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Jinin da ya bar hanji, kafin ya koma zuciya, sai ya bi wata babbar jijiya ya ratsa hanta. Ƙwayoyin da suka ɓalle daga ƙarin kan biyo wannan jini su maƙale a can, shi ya sa hanta ce inda ciwon ya fi sauka. Na hanjin ne dai ya yi ƙaura, don haka maganinsa ake bayarwa. Ɗan uwa, kada ka karaya. In bai bazu wani wuri ba, ana iya yanke ɓangaren da ya kamu, hantar ta sake tofowa, kuma akwai waɗanda suka warke ta haka. Kemon farko don ƙarin ya ragu ne a samu damar yankewa. Ƙanana da ba su wuce santimita 3 ba, wani lokaci da allura mai zafi ake ƙona su. Ka tambayi likita kai tsaye ko na Baba zai yanku.

Wata daga Bukuru: Mahaifiyata kemon da ake kira CAPOX aka ba ta, ƙarin ruwa duk bayan mako 3 da ƙwayoyi a gida. Sanyi ne ya fi wahalar da ita saboda maganin: ko ƙofar firij ta taɓa, yatsunta sai su ɗauki zir kamar lantarki. Ga kuma hunturun Jos. Ku tanadi safar hannu, ruwan sha mai ɗumi kawai.

Wani dattijo: Ɗana, kada ka yi jayayya da kawunanka, tausayi ne ya sa su. Ka ɗauki babbansu ku shiga wurin likita tare, ya ji da kunnensa. Jiƙe-jiƙe kam a dakata, hantar nan ita za ta tace su ga kemo a kanta. Ku 'ya'yansa kuma, duk wanda ya kai 40 ya je a duba hanjinsa da kyamara.