Hoto a kan babur: shin haɗarin ya kau idan wanda aka goya ne ke riƙe da waya?

Malam Habibu, mai ɗaukar hoto, Aboabo: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Tunda manyan unguwa suna shawarar hana ɗaukar hoto a kan babur a jerin gwanon kai amarya da na Salla, ina so in faɗi ra'ayina kafin a yanke magana. Ban goyi bayan mai tuƙi ya riƙe waya ba ko kaɗan, kuma dokar hanya ta Gana ta 2012, wato L.I. 2180, ta riga ta hana mutum riƙe waya a hannu yana tuƙi. Amma idan wanda aka goya ne yake ɗauka, mai tuƙi kuma hannuwansa biyu suna inda ya kamata, idonsa yana kan hanya, to ni ban ga haɗari ba. Da haka muke cin abinci, domin babu abin da zai iya kutsawa ya wuce motocin amarya a titunan unguwannin Aboabo da Sawaba na nan Kumasi sai babur.

Alhaji Garba, bakaniken babur, Asawase: Wa alaikumus salam. Habibu ɗana, sana'arka abin mutuntawa ce, sai dai ka ɗauki babur tamkar mota, alhali ba haka yake ba. Fasinjan mota kaya ne, amma wanda aka goya a babur yana cikin masu tuƙi ko ya sani ko bai sani ba, domin nauyin jikinsa yana juya babur. Ka lura da abin da mai ɗaukar hoto yake yi: ya saki kafaɗar mai tuƙi, ya saki ƙarfen baya, ya riƙe waya da hannu biyu, sannan ya murɗa ƙugu ya karkata gefe don ya sami fuskar amarya ta tagar mota. A daidai lokacin mai tuƙi yana jin babur yana rinjaya zuwa inda bai nufa ba, sai ya yi ta kokawar gyara shi a tsakanin mota da bakin kwata. Idan kuma tayar gaba ta faɗa rami ko aka taka birki ba shiri, na bayan ba shi da abin kamawa, zai bugi bayan mai tuƙi da dukan nauyinsa, ko kuma ya yi sama.

Shamsu, ɗan okada, Akwatia Line: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce game da wanda bai saba ba. Amma mu da muke goyon mutane kullum mun san yadda ake tafiya da mai kaya a ka, da mai goyo, da wanda bai taɓa hawa ba, kuma a jerin gwanon biki ba gudu ake yi ba.

Alhaji Garba: Shamsu, tafiya a hankali ita ce ma lokacin da babur ya fi rashin tsayuwa, kai ka fi ni sanin haka. Kuma ba a hankali kuke tafiya koyaushe ba, domin mai hoto yana so ya ɗauki motar baya, sannan ku riga ta gaba isa gidan ango. Gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta sa a cikin gari, yana nufin babur yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Waiwaye na daƙiƙa biyu don ka ji abin da mai hoto yake ce maka ya kai mita 28 da ka tafi ba ka ga gabanka ba, a titin da yara suke tsallakawa, masu pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, kuma suke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu.

Hajiya Rabi, ma'aikaciyar jinya, Yelwa: Ina neman izinin Alhaji in ƙara da abin da nake ganin ya fi batun nauyi girma. Waya tana canza halin mai tuƙi tun kafin ta canza tafiyar babur. Matashin da ya san ana ɗaukarsa, kuma ya san hoton zai hau TikTok da Facebook kafin magariba, ba zai yi tuƙi irin na sauran ranaku ba. Zai cire hular kwano don a ga fuskarsa da sabon askinsa, zai waiwayo ya yi murmushi, zai saki hannu ɗaya ya ɗaga wa abokai, wani ma ya ɗaga tayar gaba. Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular kwano a kan mai tuƙi da wanda ya goya, amma a nuna mini bidiyon biki guda ɗaya da aka ga biyun sanye da ita. Raunin kai ba kamar karayar ƙafa ba ne da za a ɗora a warke, kuma duk uwar da ta taɓa kwana a ƙofar sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye tana jiran a ce mata ɗanta ya farfaɗo ba ta bukatar a yi mata bayani.

Malam Habibu: Hajiya, wannan laifin matasa ne masu neman suna, ba laifin mai sana'a ba ne, kuma bai kamata a yi mana kuɗin goro ba. Ni ina zaɓar wanda zai goya ni, ina kuma gaya masa inda zan karkata kafin in motsa.

Malam Idirisu, malamin makaranta, Sawaba: Yaya Habibu, na yarda kana kiyayewa, amma dokar unguwa ba don mutum ɗaya ake kafa ta ba. A ranar Salla babura da yawa ne suke fitowa, kuma yaron da ya ari babur ɗin yayansa ba zai bambanta tsakaninka da kansa ba, zai dai ga cewa an bar wani yana ɗauka. Duk da haka ban yarda a hana komai gaba ɗaya ba. Akwai ƙananan kyamarori irin su GoPro da ake ɗaurawa a hular kwano ko a ƙirji, a kunna kafin a tashi, a kashe bayan an tsaya, babu hannun da ya bar wurinsa. Irin wannan ɗauka tana ma iya zama shaida ga mai babur a gaban 'yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar ababen hawa idan mota ta buge shi ta gudu.

Shamsu: Malam, wannan shawara ce mai kyau ga mai hali, amma yawancinmu waya kaɗai muke da ita, sai dai mu ɗaure ta a kan babur da maɗauri.

Alhaji Garba: Wannan ma sai da lura. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar iPhone. Abin da ya fi damuna shi ne allon wayar yana kallon fuskarka, kuma ido ba ya haƙuri da allo mai haske. Idan kuma ka kai hannu ka gyara ta, ka tuna cewa hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba, wanda shi ne ya fi ƙarfin tsayar da babur, hagu kuma shi ke riƙe da kulochi.

Hajiya Rabi: Ni ko kyamarar hular ba ta kwantar mini da hankali ba, Malam Idirisu, domin tana 'yantar da hannu ne kawai, son a gani kuma yana nan yadda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar haɗari, ta kuma ce amfani da ita ba tare da riƙewa ba bai rage haɗarin sosai ba, saboda hankali ne yake rabuwa.

Malam Habibu: Ban sauka daga ra'ayina ba cewa ƙwararre zai iya, amma ga abin da zan iya karɓa. Babur ya riga ayari zuwa mahaɗar hanya, in sauka in tsaya a ƙasa in ɗauka, sannan mu sake wucewa gaba da waya a aljihu. Sharaɗina shi ne manya su sanar da iyayen ango da na amarya tun wajen sa rana, domin su ne suke biyan kuɗi, kuma su ne suke neman bidiyon da aka ɗauka ana tafe.

Alhaji Garba: Wannan sharaɗi ne mai kyau, ni zan kai wa liman da sarkin unguwa bayan sallar Juma'a. Shamsu, ka tara mini abokan aikinka a gareji ranar Asabar da safe, su zo da hulunansu in duba maɗauransu.