Digiri na biyu a labarin ƙasa: waɗanda suka riga mu shiga, ina wahalar take?

Mai tambaya, daga Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu gurbin digiri na biyu a fannin labarin ƙasa nan Sakkwato. Ina koyarwa a sakandare, ga iyali, don haka ba ni da lokacin ɓatawa. Don Allah waɗanda suka bi ta nan su faɗa mana gaskiya: ina abin ya fi tsauri, me ya kamata mutum ya tanada tun yanzu? Abin da ke raina shi ne bincike kan kwararowar hamada a Gudu ko Tangaza.

Wanda ya kammala, daga Mabera:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, Malam. Darussan aji ba su ne ke riƙe mutum ba. In kana halarta, ka kuma dage da darasin ƙididdiga da na dabarun bincike, za ka wuce. Kundi ne ke cinye shekaru, kuma mafi yawan waɗanda na ga sun maƙale, tun wajen zaɓen batu suka maƙale. Kafin ka ƙulla soyayya da batu, ka amsa wa kanka tambaya biyu: bayanan da nake buƙata suna hannun wa, kuma zan iya taka ƙafata wurin in dawo lafiya? Gudu da Tangaza wuraren bincike ne na gaske, amma kai ma ka san halin tsaro a yankin iyaka. Haka gabas, su Isa da Sabon Birni.

Ni kan sauyin ruwan sama na yi. Alƙaluman tashar auna ruwan sama ta filin jirgin Sakkwato suna wurin NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da wasiƙar sashe ake nema, kuma ka ware kuɗi dominsu. Sai dai tasha ɗaya ba ta wakiltar ƙananan hukumomi 23. Ruwan da ya sauka a filin jirgi ba shi ya sauka a Illela ba. Na cike giɓin da bayanan ruwan sama na CHIRPS, na tauraron ɗan'adam, waɗanda kyauta ne, amma daga 1981 suka fara. Ka ga farin 1983 zuwa 1984 yana ciki, babban farin 1972 zuwa 1974 kuwa babu shi. Dole na taƙaita shekarun binciken.

Ɗaliba mai rubuta kundi, daga Arkilla:
Yaya mai tambaya, ni ta wajen shiga ƙauye zan ba ka labari, don aikina kan ambaliya ne a fadamar Rima. Kada ka sauka daga babur ka fara raba takardun tambayoyi. Ka fara da gidan hakimi ko mai gari, ka gaishe shi, ka nuna wasiƙarka, shi zai haɗa ka da wanda zai zagaya da kai. Kuma ka bayyana tun a zaure cewa karatu ne, ba rajistar tallafi ba ce. In ba haka ba, duk wanda ka tambaya zai ce ruwa ya cinye gonarsa kaf, kuma ba laifinsa ba ne, an sha zuwa ana rubuta sunayensu.

Abin da ya fi karantar da ni shi ne yadda mutane ke riƙe tarihi. Takardata tana cewa "wace shekara", su kuwa ba da lamba suke lissafi ba. Wata dattijuwa ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗakinta, ta nuna mini layin da ruwa ya bari a jikin rumbu, daidai ƙirjina, ta ce wannan na shekarar da ruwa ya yanke hanyar jami'a ne. Ambaliyar 2010 take nufi, wadda ta raba mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da gari. Daga ranar na sake tsara tambayoyina, nake fara wa da abin da kowa ya tuna, sannan in mayar da shi shekara da kaina. Haka amfanin gona: da buhu da dami za a faɗa maka, ba da hekta ba.

Kuma in ka samu hali ka tafi da mace. Ni ina shiga har tsakar gida, abokan karatuna maza a zaure suke tsayawa. Maganar ruwan sha da itacen girki da cututtukan yara bayan ambaliya, a bakin mata take.

Mai aikin taswira, daga Gawon Nama:
Malam, batunka bai mutu ba. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, kana iya ganin yadda ciyayi da itatuwa suka sauya a Gudu tun shekarun 1980 kana zaune a ɗakinka. Kowane ɗigo a hoton mita 30 ne a ƙasa. Hoton wani tauraron, Sentinel-2, ya fi fitowa sarai, mita 10, amma daga 2015 ya fara. Ka sayi kwamfuta mai ɗan ƙarfi kafin komai, ka sauke QGIS, manhajar zana taswira, tunda ba a biya, ka fara koyo tun kafin a shiga aji. Kada ka ba wani kwangilar taswirarka. Ranar kare kundi za a tambaye ka yadda ka raba gona da daji, kuma a fuskar mutum ake gane wanda bai yi da hannunsa ba.

Abu biyu za su ba ka ciwon kai. Hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003 suna da zane-zanen giɓi saboda wata na'ura da ta lalace a jikin tauraron. Sannan lokaci: a Agusta gajimare ya rufe komai, da hunturu kuma ƙura. Ka riƙa kwatanta wata ɗaya da wata ɗaya a shekaru daban-daban, in ba haka ba za ka ɗauki bambancin rani da damina ka kira shi hamada.

Tsohon ma'aikacin safiyo, daga Ƙofar Marke:
Yarana, na karanta duka, kuma ina da ja da ɗana mai taswira. Hoton sama bai san ƙasarmu ba. Rufin soron ƙasa da fili fetal kala ɗaya suke a idonsa, sai ya nuna maka ƙauye guda a matsayin fako. Gonar gero bayan girbi ma haka. Wanda bai je ya tsaya da na'urar GPS ya ce nan gona ce, nan makiyaya ce ba, taswirarsa zato ce mai launi. Mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa nan zai fara kama ka.

Abin da ke damuna da ɗaliban yanzu shi ne ba su san arzikin da suke takawa ba. Shimfiɗun duwatsun wannan yanki da sunayen garuruwanmu duniya ta san su: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita shaida ce cewa teku ya taɓa kwanciya nan. Har wata dabbar teku ta zamanin da, da aka tono ƙasusuwanta a wannan yanki, sunan Goronyo aka sa mata. Amma sai ka ga ɗalibi ya gama digiri na biyu bai taɓa tsayawa bakin madatsar Goronyo ba.

Wani abu kuma ga masu amfani da tsofaffin takardu: Jihar Sakkwato ta 1976 ba ita ce ta yau ba. An cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, madatsar Bakolori ma yanzu tana Zamfara. Duk alƙaluman da suka gabaci haka a haɗe suke. Ƙidayar jama'a kuwa tun 2006 ba a sake ba, don haka yawan mutanen da za ka rubuta hasashe ne, kuma ka faɗi hakan a fili cikin kundinka.

Mai aikin taswira, daga Gawon Nama:
Gaskiya ne Baba, ban musa ba. Ni ma sai da na bi gonakin Kwalkwalawa da ƙafa kafin taswirata ta daidaita.

Malama mai digiri na uku, daga Minanata:
Ta fuskar aljihu: tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantu ne, malamin sakandare da kuɗinsa zai yi. Kuɗin makaranta an san shi, amma na mota zuwa fili, da data, da buga kundi duk lokacin da aka yi gyara, su ne ba sa cikin lissafi. Ka kuma bar sarari don abin da ba a shirya ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, wasunmu damina guda ta wuce su. Malamin da ke duba aikinka, ka riƙa kai masa babi-babi, kada ka ɓace sai ka dawo da tuli.

Mai tambaya, daga Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Baba ta shige ni. Ina ganin zan dawo kusa, in duba yadda gine-gine ke cin gonaki ta wajen Wamakko da Kware, inda zan iya zuwa ranar Asabar in dawo. Wane lokaci ya fi dacewa da fita?

Ɗaliba mai rubuta kundi, daga Arkilla:
Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, Yaya. An gama girbi, manoma na da sukunin zama da kai, hanyoyi sun bushe, masu albasa kuma suna fadama ka same su a bakin aiki. Kada ka bari Afrilu ta same ka a fili, zafin ya wuce digiri 40, wayarka ma kashe kanta take yi kafin azahar. Ka nemi a amince da ƙudurin bincikenka kafin ƙarshen damina don kada lokacin ya kuɓuce maka.