Ƙwayoyin astrosait sun daina nuna GFAP, ina mafita?

Assalamu alaikum malamai. A Jos nake digiri na biyu, ina rainon astrosait na ɗan Adam, ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda aka sa wa ƙwayar gado ta hTERT don kada su daina rabuwa. DMEM, ruwan abincin ƙwayoyi, nake ba su da kashi 10 na ruwan jinin tayin saniya, a zafin digiri 37 na Celsius.

Yaɗuwa kam lafiya lau, amma alamar GFAP, furotin da ake gane astrosait da shi, ta dusashe, kusan babu. Yawan sauya musu faranti ne, ko ruwan jinin? Ni dai na fi zargin na farko, kodayake wuta ma tana ɗaukewa. In gwada S100B, wata alamar astrosait, tukuna, ko in narkar da sabuwar kwalbar ƙwayoyin da aka daskarar? Don Allah a taimaka.