Dan Allah ku raba mu: yaushe ne maganar sanannen mutum ke zama wariyar launin fata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan gida, manya da ƙanana ina gaisuwa. Shawara nake nema dan Allah, musu ne ya haɗa ni da aminina har ya kai yanzu gaisuwa ma sama-sama muke yi, kuma abin yana damuna sosai. Akan maganar Rodrigo Bentancur ne ɗan wasan Tottenham, wanda a 2024 wani mai shirin talabijin a Uruguay ya roƙe shi rigar ɗan kulob ɗinsu, shi kuma ya ce ta Son Heung-min (ɗan Koriya ta Kudu) ake so ko, ai ko ta ɗan uwan Son ce ba za a gane ba tunda duk kamarsu ɗaya. Ya ba da haƙuri daga baya, Son ma ya fito ya ce komai ya wuce su 'yan uwa ne, amma duk da haka hukumar ƙwallon Ingila FA ta dakatar da shi wasa 7 ta ci shi tarar fam 100,000. Ni na ce wannan wariya ce ƙarara. Aminina ya ce zalunci aka yi masa, wai raha ce tsakanin abokai, wanda aka yi wa ya yafe, kuma Son ba baƙar fata bane to ina wariyar launin fata ta shigo. Abinda ya fi ƙona min rai shine mutumin nan duk ranar da aka zagi Vinicius, baƙar fatan ɗan wasan nan na Brazil, a Sifaniya baya iya cin abinci dan ɓacin rai. To ni yanzu inaso ku faɗa min tsakani da Allah, da wane ma'auni ake gane cewa magana wariya ce ba kawai rashin iya magana ba? Niyya ake dubawa ko me? Kuma ya zan yi masa bayani ba tare da zumuncinmu ya lalace ba?

Yar Lauya:
Wa alaikumus salam ƙanina. Bari in fara da ɓangaren da na ɗan sani. Akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 akan kawar da duk nau'in wariyar launin fata, kuma sashe na farko bai tsaya akan launin fata kaɗai ba, ya haɗa da zuriya da ƙabila da ƙasar da mutum ya fito, dan haka hujjar cewa Son ba baƙi bane ta faɗi tun a nan. Sannan sashen ya ce ana duba manufar abin KO sakamakonsa, wato ko baka yi niyya ba idan abinda ka yi ya tauye mutane saboda asalinsu ya shiga ciki.

Amma inda nake ganin ku biyun kuka sarƙe shine tambaya biyu kuke amsawa kuna zaton ɗaya ce. Kai kana cewa maganar wariya ce, shi yana jin kamar ka ce Bentancur mugun mutum ne mai ƙin 'yan Koriya a zuciyarsa, shi yasa yake kare shi. Ka duba shari'ar Luis Suarez da Patrice Evra a 2011, an dakatar da Suarez wasa 8 da tarar fam 40,000, amma FA da kanta ta ce ba wai tana ƙarar cewa shi mai wariya bane, hukuncin akan kalmomin da suka fito daga bakinsa ne waɗanda suka taɓa launin Evra. Shi kansa Evra ya ce baya ganin Suarez a matsayin mai wariya. Zuciya Allah kaɗai ya san abinda ke cikinta, mu abinda kunnenmu ya ji shi zamu iya aunawa. Idan ka zauna da shi ka fara da cewa ni ban ce mutumin banza bane, maganar dai ce bata yi ba, zaka ga rabin faɗan ya tafi.

Dan Kwallo:
Anti Lauya kin yi bayani amma ni gaskiya ina tare da abokin nan a wani wajen. Turawa sun mayar da abin kamar tarko. Ku tuna Cavani lokacin yana Manchester United a 2020, abokinsa ya taya shi murna a Instagram shi kuma ya amsa masa da wata kalma mai nufin baƙi wadda a ƙasarsu Uruguay ta ƙauna ce ake faɗa wa na kusa, kwamitin da ya yi zaman ma ya yarda ba shi da niyyar cin zarafi, amma haka suka dakatar da shi wasa 3 da fam 100,000, har masana harshe na ƙasarsu suka fito suna cewa an jahilci yarensu. To wannan adalci ne? Mutum ya yi magana da yarensa da abokinsa, wani a wata ƙasa ya fassara yadda yake so. Idan komai ya zama wariya to ranar da wariyar gaske ta zo mutane sun gaji da jin kalmar, babu wanda zai motsa. Kodayake su ma 'yan Uruguay ɗin nan haka suke, Suarez, Cavani, Bentancur duk can suka fito.

Malamin Aji:
Ɗan Ƙwallo tsaya nan, ka ga layinka na ƙarshe kuwa? Mutum uku ka ɗauka ka yanke wa ƙasa guda hukunci mai mutane sama da miliyan 3. Ba faɗa nake maka ba wallahi, na san baka nufi sharri ba, amma abinda ake magana a kai kenan, a ɗauki al'umma a dunƙule ta wuri ɗaya a ce haka suke ko duk kamarsu ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akan Cavani kuma ina ganin kana da gaskiya kaso mai yawa, kuma shi yasa bai kamata a haɗa shi da na Bentancur ba. Cavani mutum ɗaya ya kira da sunan da su biyun suka saba, ba wanda ya ƙasƙantar. Bentancur kuwa dariyar gaba ɗaya ta dogara ne akan cewa mutanen wani yanki basu da fuskar kansu, idan ka cire wannan babu abin dariya da ya rage a maganar. Ni gwajin da nake bai wa ɗalibaina kenan, ka cire asalin mutumin daga cikin jimlar ka gani, idan har sukar tana nan da ƙafarta to suka ce ta aiki ko hali, idan ta rushe to asalin ake zagi tun farko. Ka ce gwamnatin ƙasa kaza ta gaza, wannan suka ce kuma kowa yana da damar yi. Ka ce mutanen ƙasa kaza jininsu ne haka, ka fita daga suka.

Dan Kwallo:
Na karɓa Malam, wannan layin bai dace ba. Amma maganar yafiya fa? Son ya ce ya wuce, to wa ya rage da zai yi ƙara?

Yar Lauya:
Son haƙƙinsa ya yafe, kuma ya kyauta. Amma ba a ɗaki su biyu aka yi maganar ba, a talabijin aka yi, kuma ba a ce Son kaɗai ba an ce dukkansu. Yaron Koriya ko na Chana da ke makaranta a Landan wanda ake tsokana da wannan maganar kullum, Son bashi da ikon yafewa a madadinsa. Kuma ka tuna a lokacin Son ne kyaftin ɗin Tottenham, dole su ci gaba da wasa tare, me kake so ya fito ya ce?

Wani abu kuma da ke rikita mutane shine a ce ai kotu ta wanke wane. John Terry kotu ta wanke shi a Yulin 2012 akan zargin ya yi wa ɗan wasa Anton Ferdinand zagin wariya saboda a shari'ar laifi sai an tabbatar babu kokwanto, amma bayan wata biyu FA ta dakatar da shi wasa 4 da tarar fam 220,000 saboda ita rinjayen hujja take dubawa. Magana ɗaya, hukunci biyu, kuma ba wanda ya karya ƙa'idarsa. Dan haka abinda ya kai a ɗaure mutum daban, abinda ya kai wajen aikinsa su hukunta shi daban, abinda ya kai mu ce wannan magana bata dace ba shima daban, kuma na ƙarshen nan baya buƙatar alƙali.

Hajiya Babba:
'Ya'yana duk na karanta. Ni ƙwallo ba fannina bane, amma abinda bana so a manta shine girman kujerar mai magana, domin ni a nan abin ya fi ci min rai. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce kwararar baƙin haure daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara wani shiri ne na sauya asalin al'ummar ƙasarsa. Daga baya ya musanta cewa shi mai wariya ne. To amma me ya biyo baya? An kori baƙaƙen fata daga gidajen haya, an sallame su daga aiki, an kai wa wasu hari a titi har da ɗalibai masu takardunsu cikakku, sai da Gini da Mali da Kodebuwa suka tura jirage suka kwaso mutanensu, Tarayyar Afirka ma ta yi tir da kalaman. Matar da aka watso wa kaya waje da goyo a bayanta, me niyyar shugaba ta amfana mata? Kuma ku lura wannan ɗan Afirka ne ya faɗa akan 'yan Afirka, kar wani ya ɗauka abin na Turawa ne kawai.

Haka Trump a 2019 da ya ce wa wasu mata huɗu 'yan majalisa su koma inda suka fito, alhali uku a cikinsu a Amurka aka haife su, Ilhan Omar ce kaɗai aka haifa a Somaliya kuma ita ma 'yar ƙasa ce. Bai ambaci launi ko sau ɗaya ba, magoya bayansa suka riƙe wannan, amma majalisar wakilai ta yi ƙuri'a 240 da 187 ta ce kalaman wariya ne. Domin tambayar ita ce wa ake ce wa ya koma gida, kuma me yasa su. Mai mulki idan ya yi magana kamar ya ba da lasisi ne, na ƙasa da shi su zasu aikata.

Baban Yara:
Hajiya Allah ya ƙara girma, maganarki ita ce ta taɓa ni. Ni kuma inda na ɗan saɓa da Anti Lauya shine wannan rabewar tsakanin magana da mai magana tana da iyaka. Karo na farko eh, sai a ce harshe ne ya zame. Amma James Watson, masanin kimiyyar nan mai kyautar Nobel, a 2007 ya yi magana yana nuna wai 'yan Afirka basu kai Turawa basira ba, ya ba da haƙuri, sai gashi a wani shirin da aka nuna a farkon 2019 ya ce ra'ayinsa bai canza ba, cibiyar binciken da ya shugabanta shekara da shekaru ta ƙwace duk muƙaman girmamawar da ta bashi. Irin wannan kuma ba za a ce mana ba a san zuciyarsa ba, shi da kansa ya buɗe ta. Dan haka ni ina duba abinda mutum ya yi bayan an nuna masa, ya gyara ko ya maimaita, kuma haƙurin nasa na gaske ne ko irin wanda ake cewa duk wanda ransa ya ɓaci ya yi haƙuri, wanda a zahiri laifin yake mayarwa kan wanda aka ɓata wa.

Malamin Aji:
Baban Yara haka ne. Kuma ga mai tambaya, tunda zumunci kake tsoro, ka tuna hadisin Abu Zarr, Allah ya ƙara masa yarda, da ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah SAW ya ce masa lallai kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai. Babban sahabi ne, ba a kore shi ba, ba a kuma ce ai raha ce a bar shi ba, an kira abin da sunansa, shi kuma ya gyara har aka riƙa ganinsa sanye da tufa iri ɗaya da ta bawansa. Mutumin kirki yana iya furta maganar wariya, kuma faɗa masa gaskiya ba ƙiyayya bace.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Anti, Hajiya, Malam da kowa, Allah ya saka. To amma a aikace ya zan tunkare shi? Ina tsoron in kawo maganar Vinicius ya ga kamar gori nake masa.

Yar Lauya:
Kar ka yi a gaban mutane kuma kar ka yi ta saƙo, ka same shi ku biyu. Kar ka ce masa kai ma ai kaza ka yi, tambaya zaka yi masa ka yi shiru, ka ce da ace wani ɗan wasan Turai ne aka roƙa rigar Vinicius ko Osimhen ya ce a kawo ta kowane baƙi ma ai duk kamarsu ɗaya, sannan washegari su fito su ce sun yafe, shin zai ce shikenan raha ce? Ka bar shi ya amsa da kansa ko ba a ranar ba. Kuma ka bashi nasa, idan ya ce wasa 7 ya yi yawa wannan ra'ayi ne da ake iya tattaunawa, Tottenham ma sun ɗaukaka ƙara akan tsawon dakatarwar duk da sun amince da laifin, aka yi watsi da ƙarar. Kuna iya saɓawa akan girman hukuncin ku ci gaba da zama aminai, abinda nake so ku haɗu a kai kawai shine maganar kanta bata dace ba ko akan waye aka yi ta.