Ina matar fim ɗin mahaukacin karen nan ta shiga?

Ƴar Jidda: Jama'a, jiya muka kalli Cujo na 1983, ɗiyata ta ƙi barci sai da na tofa mata Ayatul Kursiyyu. Uwar da kare ya tsare cikin mota da ɗanta, wacece ita?

Malam na Makka: Dee Wallace ce, Hajiya, ƴar Amurka. Ta fito a The Howling a 1981, ita ce kuma uwa a E.T. Daga baya ta buɗe ajin koyar da wasan kwaikwayo a Los Angeles.

Ƴar Jidda: Ikon Allah, ihu ma koyar da shi ake?

Inna Madina: Ƴata, ba ihun ba ne. Dubi yadda hannunta ke rawa kan sitiyari. Amma yarinya da fim ɗin tsoro da dare? Haba.