Wuta da lafiyar daji: abin da aka tattauna a taƙaice

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan ko wuta kashe daji take yi ko gyara shi, da yadda ya kamata a bi da ita.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ba kowace gobara ce ke kashe daji ba. An kawo misalin gandun Yellowstone na Amurka, inda wuta ta cinye kusan kashi 36 cikin ɗari a 1988. Akwai itatuwan da ƙaro ke liƙe 'ya'yansu, sai zafin wuta ya narkar da shi iri ya zube. Ba a jima ba tsiro ya fito cikin tokar.

2. Kashe kowace wuta nan take, kamar tsarin da hukumar gandun dajin Amurka ta kafa a 1935, yana tara busassun ƙirare da ganye a ƙasa. Ranar da wuta ta kama, har saman itatuwa take hawa.

3. Mafi yawa sun ce a riƙa ƙonawa da gangan, yanki-yanki, lokacin da ƙasa ke da danshi kuma iska ta kwanta.

A nan aka rabu. Wasu sun ce a fara rage itatuwa tukuna, wasu suka ce kafa ce masu saran katako ke nema (ban ga laifin masu wannan zargi ba). Masu zama kusa da daji kuwa hayaƙin ne damuwarsu, musamman masu ciwon asma.